Ina Shanun Za Su Tsaya a Watan Agusta?

Takardar shawarar gyaran rafi da na fara kai wa dattijon nan mai gandun shanu shafi ashirin ce, har da taswira mai launi uku da na kwana ina gyarawa a kwamfuta. Ya karɓa, ya ɗora tabarau, ya karanta daga bango zuwa bango bai ce uffan ba, matarsa na gefe tana duba ɗan littafin da take rubuta haihuwar shanu a ciki. Da ya gama sai ya kife takardar a kan tebur ya ce, "Ɗana, ka yi aiki. Rafin ya samu duk abin da yake so. To ina shanun za su tsaya a watan Agusta?"

Na buɗe baki, na rufe. Duk shafi ashirin ɗin babu layi ɗaya da ya taɓo wannan tambaya.

A lokacin watanni kaɗan ke nan da na fara aiki da wata majalisar kula da yankin ruwa a gabashin jihar Oregon ta Amurka, bayan na gama karatun kula da filayen kiwo. Yankin ruwa, a bakin masu wannan aiki, shi ne duk ƙasar da ruwanta ke gangarowa ya haɗu a rafi ɗaya, tun daga ƙoƙuwar tsauni har inda rafin ya zuba a kogi. Namu yana zuba ne a kogin John Day, mai tsawon mil 280 da 'yan kai, wanda har yau ba a gina masa babban dam ba. Irin waɗannan majalisu sun kai wajen 90 a jihar. Doka ta ba su gindin zama a shekarun 1990, amma ba ta ba su sanda ba. Ba sa cin tarar kowa, ba sa ba da lasisi, ba sa iya tilasta wa mutum ya buɗe ƙofar gonarsa. Jarinsu kiran taro ne, da rubuta takardar neman tallafi, da haƙuri.

Wanda bai san yammacin Amurka ba zai ɗauka mai gandun kiwo yana da ƙasarsa ne a dunƙule, ya zagaye ta da waya, shi ke nan. Alhali fiye da rabin ƙasar Oregon na gwamnatin tarayya ne. Saniyar dattijon nan a hannun masu ƙasa uku take ci a shekara guda. Daga Disamba zuwa Afrilu tana fadamar gida, wadda mallakinsa ce, ana zuba mata busasshiyar ciyawa a kan dusar ƙanƙara, a nan take haihuwa wajen Fabrairu da Maris. Da ciyawa ta tsiro a tudu sai a kora ta filin hukumar BLM, wadda aka kafa a 1946 don kula da filayen tarayya. Zafi na tasowa ta hau dajin tsauni, wanda ke hannun hukumar gandun daji ta tarayya. Wajen Oktoba ta sauko gida, a yaye maruƙa a sayar. Lokacin da take sama fadamar gida ba hutu take ba, ana ba ta ruwa daga rafin ana yanke ciyawar da garken zai ci da hunturu. Rafin kuwa hanya ɗaya yake bi da saniyar, sai dai shi gangarowa yake yi: ya taso a dajin tsauni, ya ratsa filin BLM, ya shiga fadamar dattijon, ya wuce ta gonakin maƙwabta biyu.

Tun dokar kiwo ta Taylor ta 1934 ba a sakin dabba a irin wannan fili sai da lasisi. Lasisin na shekara goma ne, a ɗaure yake da gonar da mutum ya mallaka, kuma yana faɗin kai nawa, daga wace rana zuwa wace rana. Ma'aunin ana ce masa AUM, wato abin da saniya da ɗan maraƙinta za su ci a wata guda, ko doki ɗaya, ko tumaki biyar. Kuɗinsa ba ya sauka ƙasa da dala 1.35 tun wani umarnin shugaban ƙasa na 1986, kuma shekaru da dama a nan yake tsayawa, alhali hayar filin wani mutum ta ninka haka fiye da sau goma. Masu rajin kare muhalli kan ce tallafi ne a fakaice. Masu kiwo kan ce su zo su yi gyaran waya a kan dutse na mako guda tukuna sannan a yi maganar araha. Na ji gardamar nan har na haddace ta, ban kuma taɓa ganin ta juya ra'ayin kowa ba.

Abin da ya tayar da batun rafinmu kifi ne. Akwai wani da ake kira stilhed, ɗan uwan salmon, wanda ake ƙyanƙyashewa a ƙananan rafuka, ya gangara teku, bayan shekara ɗaya ko biyu ya komo inda aka haife shi ya yi ƙwai. Kafin ya iso John Day sai ya haye manyan dam uku na kogin Columbia. A 1999 aka sa na wannan yanki cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana, ƙarƙashin dokar 1973, kuma tun daga nan duk lasisin kiwo da ya shafi rafinsa sai an tuntuɓi hukumar kifi ta tarayya. Ga kuma dokar tsabtar ruwa ta 1972, wadda a ƙarƙashinta jihar ta sa iyakar zafi ga rafin da ƙananan kifin ke girma a ciki: digiri 18 a ma'aunin Salshiyas, idan an ɗauki mafi zafin kowace rana na kwana bakwai aka fitar da matsakaici. Muna da wasu 'yan na'urori kamar babban yatsa da muke ɗaurewa a saiwar itace cikin ruwa, suna rubuta zafi dare da rana. Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta namu ya haura iyakar da nisa. Ba sai da na'ura ba ma. Rafin ya zaizaye ƙasa ya nutse har gaɓarsa ta fi tsayina a wasu wurare, ya yi faɗi, ya yi falale, babu inuwa. Lasisin dattijon ya kusa sabuntawa, wata ƙungiyar muhalli kuma ta fara maganar kotu.

Abin da na rubuta a shafi ashirin ɗin nan daidai yake da littafi: a ja waya gefe da gefe, a fitar da shanu daga kwarin tun tsakiyar Yuli. Sai dai na yanke mako shida daga shekarar saniya ban ce ga inda za ta yi su ba. Matar dattijon ce ta yi mini lissafin a bayan ambulan. In aka dawo da garken gida a Yuli, fadamar ciyawa za su ci. In suka ci ta, da hunturu sai an sayi ciyawa. In aka sayi ciyawa shekara biyu a jere, sai an rage garke. Hanya ɗaya da ta rage ita ce a tara su a bakin rafin da ke cikin gonarsu, inda lasisin tarayya bai kai ba, wanda kuma shi ne wurin da ya fi dacewa da kifin a duk tsawon rafin. Wato da an bi shawarata, ɓarnar kawai za ta sauko mil kaɗan, ta koma inda babu mai aunawa. An gudu ba a tsira ba.

Wata dattijuwa da ta daɗe a hukumar kula da ƙasa da ruwa ta gunduma, wadda jama'ar wurin ke zaɓen shugabanninta, ita ta cece ni. Ta yi dariya ta ce abin da ya same ni ya girme ni. Tun ƙarshen shekarun 1940 wani masanin filayen kiwo na Oregon, E. William Anderson, ya lura cewa tsara gona rabi-rabi aikin banza ne tunda saniya ba ta san iyaka ba, ya fara tara masu ƙasa da hukumomi a tebur ɗaya su tsara shekarar gandun gaba ɗaya. Tsarin ya bazu a jihohin yamma ana ce masa CRMP. Ƙa'idojinsa ba su da yawa. Duk wanda abin zai shafa a gayyace shi. Ba a jefa ƙuri'a, sai kowa ya yarda. Mutum ya faɗi buƙatarsa, ya bar matsayarsa a mota. Wanda ya zo kuma ya zo da niyyar cika abin da ya ɗauka.

Gayyatar kaɗai ta ci mini wata biyu. Shekarun nan ba su yi nisa da Janairun 2016 ba, lokacin da wasu masu ɗauke da makamai suka mamaye ofishin gandun tsuntsaye na Malheur a gundumar Harney, maƙwabciyarmu, har kwana 41, saboda rikicin filayen tarayya. Abin ya bar tabo. Akwai gidajen da in motar gwamnati ta tsaya a ƙofa ba a fitowa. A ƙarshe dai muka haɗa: dattijon da matarsa, maƙwabcinsu na tsakiya, jami'an kiwo na hukumomin tarayya biyu, mutumin NRCS (hukumar tarayya mai taimaka wa manoma kula da ƙasa, wadda aka kafa a 1935 bayan guguwar ƙurar da ta cinye gonakin tsakiyar ƙasar, wadda ba ta shiga gonar mutum sai ya kira ta), masanin kifi na jiha, jami'in rabon ruwa, wakilin ƙabilun Warm Springs waɗanda yarjejeniyar 1855 ta bar musu haƙƙin kamun kifi a wurarensu na gado, da wata mata daga ƙungiyar da ke maganar kotu. Maƙwabci na can ƙasa bai amsa waya ba, bai amsa wasiƙa ba.

Taron farko bai yi armashi ba. Kowa ya karanto matsayarsa kamar a gaban alƙali, ni kuma ina rubutawa. Abu ɗaya kawai na tsinta, shi ma da tsautsayi. Na roƙi kowa ya zo da taswirarsa, da aka shimfiɗa su sai ga kowace ta ƙare a iyakar mai ita, bayan layin fari fat, kamar duniya ta ƙare a nan. Ma'auninsu ma ba ɗaya ba ne. Fili guda yana da suna uku: hukuma tana kiransa da lamba, dattijon yana kiransa da sunan wani da ya zauna a wurin shekara ɗari da suka wuce, masanin kifi kuma ya san shi da mil kaza daga bakin kogi. Mun yi rabin awa ana musu mai zafi kafin a gano wuri biyu daban ake magana a kai.

Taro na biyu dattijuwar ta ce kada a kuskura a yi shi a ɗaki. Muka shiga motoci muka hau sama, muka gangaro da ƙafa ta cikin rafin, ruwa zuwa idon sawu. Akwai wata takardar duba lafiyar rafi mai tambayoyi 17 da hukumomin ke amfani da ita, wadda ba ta buƙatar na'ura sai ido: shin ruwa na iya fita ya malale fadamarsa in ya cika, shin akwai tsiro masu saiwar da za ta riƙe gaɓa, shin akwai ƙanana da manya na itatuwan ko tsofaffi kaɗai suka rage. Muka ce kowa ya amsa da bakinsa, har da masu kiwo. Masanin kifi ya durƙusa ya nuna mana wani wuri da tsakuwa ta yi fari fiye da ta kewaye, kamar an share ta, da ɗan rami a gaba da tudu a baya. Ya ce uwar kifi ce ta haƙa da jelarta, ƙwan suna ƙarƙashin tudun. Dattijon ya yi shekara saba'in yana haye rafin nan a kan doki bai taɓa sanin abin da yake takawa ba. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Can gaba kuma shi ya zama malami. Ya kai mu wani lungu da wata tsohuwar waya ta killace da kuskure, inda shanu ba sa iya shiga da zafi. Ciyawar fadama ta yi kauri, ya sa dunduniyar takalminsa ya doki gaɓar, ko motsi ba ta yi ba, saiwa ta saƙe ta kamar tabarma. Rafin a nan ya tsuke, ya yi zurfi, ya yi sanyi har sai ka janye hannu. Ya ce kakansa kan ce da can mai doki ba ya hango ɗan uwansa a ƙetare saboda itatuwan wilo. Wakilin ƙabilun, wanda bai yi magana ba tun safe, ya ce nasa kakannin ma haka suka faɗa.

Ni da na taso ba na kiran babba da sunansa, a nan na sha wahala, don kowa sunan yanka yake kiran kowa, yaro da dattijo, mai gona da jami'i. Na yi wata shida ina ce masa "yallaɓai" har ya gaji ya ƙyale ni.

A taro na uku aka fara aikin gaske. Na sayi doguwar takarda na manna a bango, na raba ta wata goma sha biyu, muka yi sharaɗi ɗaya: duk wanda ya cire shanu daga wani wuri a wata rana, shi zai nuna inda za su koma. Wannan sharaɗi ya canza salon magana fiye da duk wani jawabi. Nan ne kuma muka ci karo da tsaka mai wuya. In ana son wilo ya tashi, gara a yi kiwon kwari da wuri, wajen Mayu da farkon Yuni, lokacin da tudu ke da ɗanyar ciyawa, kwari kuma yana da sanyi, shanu suna bazuwa da kansu ba sa maƙale wa rafi, ciyawar kuma tana da sauran lokacin da za ta sake tsirowa. Jami'in kiwo ya kawo sanannun hotunan Bear Creek na tsakiyar Oregon, inda aka mayar da kiwo daga tsawon lokacin zafi zuwa ƙarshen hunturu da farkon tsiro, rafin ya farfaɗo ba tare da an kori shanu ba. Amma a namu rafin daidai wannan lokaci ne ƙwan stilhed ke cikin tsakuwa, har wajen tsakiyar Yuli, kuma kofato ɗaya ya isa. In aka jira kifin ya fita, an shiga lokacin da tudu ya bushe, shanu suka sauko suka kafa sansani a inuwa, ciyawa na ƙarewa su koma cin wilo. Abin da ya yi wa itace daɗi ya cuci ƙwai, abin da ya tsare ƙwai ya cuci itace. Taro biyu muka yi a kan wannan kaɗai, har matar ƙungiyar muhalli ta tattara takardunta sau ɗaya ta kai bakin ƙofa.

Maƙwabcin tsakiya ne ya warware, shi da ba ya yawan magana. Ya tashi ya ɗora yatsa a wani faffaɗan tudu a taswira ya ce ciyawar wurin nan shekara da shekaru take bushewa a tsaye babu mai ci, don babu ruwa, saniya mai shayarwa kuwa ba za ta yi nisa da mashaya ba. Akwai tsohon idon ruwa a gefen tudun da itatuwan junifa suka mamaye. Junifa ya ninka sau da dama a gabashin Oregon tun shekarun 1870, bayan an daina barin wuta ta share daji, kuma yana shan ruwa rani da hunturu. In aka sare na kewayen idon, aka gina masa akwati, aka sa famfo mai aiki da hasken rana, aka ja bututu zuwa komaye biyu a saman tudun, ga Agusta ya samu wurin zama. Ya ƙara da cewa yana da wani fili da ba ya amfani da shi, zai ba da haya shekara biyu don kwarin ya huta kafin a fara sabon tsarin.

Daga nan sauran suka biyo. Gajeriyar waya za ta ware kwarin ya zama fili mai zaman kansa, a shige shi da wuri na ɗan lokaci, ba kowace shekara ba. Masanin kifi zai zaga kafin a saki shanu, inda ya ga ramin ƙwai a zagaye shi da wayar lantarki ta wucin gadi. Gishirin lasa a ɗauke shi daga bakin rafi a kai tudu. A ɗauki mahayi mai kora su sama. Bakin rafin da ke cikin gonar gida a sa shi a shirin CREP, inda gwamnati ke biyan haya kowace shekara, shekara 10 zuwa 15, a killace a shuka itatuwa. Tarin tsakuwar da ake turawa da katafila kowace shekara don karkatar da ruwa zuwa fadama a maye shi da ginin da kifi zai iya hayewa, da raga a bakin hanyar ruwan don kada ƙananan kifi su ɓace a gona. Wayar ma sai da aka yi ciniki a kanta: ta ƙasa marar ƙaya, inci 16 zuwa 18 daga ƙasa don barewa ta kutsa, ta sama kada ta wuce inci 42.

Gardama ta ƙarshe a kan rana ce ko yanayi. Hukuma ta fi son rana, don ita ake iya rubutawa a lasisi a kuma kare ta a kotu. Mai kiwo ya san shekara ba ta kama da shekara. Aka tsaya a kan cewa akwai ranar fita, amma in tsayin ciyawar bakin ruwa ya sauka zuwa inci 6, ko aka ga an fara cin kan wilo, a tashi ko ranar ba ta zo ba. Na zaga tebur ina tambayar kowa ɗaya bayan ɗaya. Matar ƙungiyar ta ce ita har gobe ta fi son a cire shanun gaba ɗaya, amma ba za ta tare hanya ba muddin za a je awon da ita. Dattijon ya ce ta zo, zai ba ta doki.

Ranar da aka sa hannu na ɗauka an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Takardar da muka sa wa hannu ba doka ba ce, alkawari ne kawai. Kowace hukumar tarayya sai ta koma ta yi nata nazarin muhalli ƙarƙashin dokar da ta fara aiki a 1970, ta saurari jama'a, ta tuntuɓi hukumar kifi, sannan ta yanke hukunci da sunanta. Kuɗin ma aljihu-aljihu ne. Shirin EQIP na NRCS yana biyan wani kaso na aikin da ke gonar mutum. Hukumar OWEB ta jiha tana biyan aikin rafi, da sharaɗin ka kawo wani kaso daga wani wuri, kuma yawancin kuɗinta daga cacar jiha yake fitowa tun ƙuri'ar jama'a ta 1998, abin da na daɗe ina jin wani iri a kansa duk lokacin da na cike fom. Shekarar kuɗin tarayya tana farawa 1 ga Oktoba, ta jiha kuma shekara biyu-biyu ce daga 1 ga Yuli. Aiki a cikin ruwa ba a yarda da shi sai 'yan makonni daga tsakiyar Yuli, don kifin. In tallafi ya makara da wata ɗaya, shekara guda ta tafi. Rabin aikina ya koma jera waɗannan ranaku su hau kan juna.

A tsakiyar haka aka yi wa ɗaya daga cikin jami'an da muka yi tafiyar rafi da su canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi bai taɓa jin labarinmu ba, ya zo da tambayoyin da muka wuce tun shekarar baya. Bayanan taron da nake rubutawa, waɗanda nake ganin wahalar banza ce, su suka tsare mu, tare da wata sabuwar tafiya cikin rafin domin shi kaɗai.

Babban kuskuren kuwa nawa ne. Dokar adana kayan tarihi ta 1966 ta ce duk inda za a haƙa ƙasa da kuɗin tarayya sai masanin kayan tarihi ya duba tukuna. Na san dokar. Na sa idon ruwan da wuraren komaye a jerin abin da za a duba, na manta da layin bututun. Da aka farga aka zo dubawa, sai ga ɓarɓashin baƙin dutse mai sheƙi kamar kwalba a warwatse daidai inda za mu bi, irin wanda ke zuba in ana sassaƙa kan kibiya. Mutane sun zauna a bakin idon ruwan nan tun kafin a san da saniya a nahiyar. Dole aka karkatar da layin, aka sake awo, kafin a gama dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Na je na faɗa wa dattijon da bakina cewa Agustan bana ma babu ruwa a tudu. Ya yi shiru, sannan ya ce zai yi wa maƙwabci magana a ƙara shekara ɗaya na haya. Daga aljihunsa ya biya, bai kuma taɓa tayar mini da zancen ba, wanda ya fi mini ciwo a kan ya yi faɗa.

Yanzu kowane Satumba muna zagayawa da ruler da kyamara. An kafa turakun ƙarfe a wurare ƙayyadaddu, a tsaya a kan turke, a fuskanci inda aka fuskanta bara, a ɗauki hoto. Wilo ya tashi, a wasu wurare ya kai ƙirjina. Gaɓa ta fara kwanciya tana kama ciyawa. Mun kafa 'yan shingayen itace a cikin rafin irin na dabbar nan biba mai datse ruwa, kamar yadda aka gwada a Bridge Creek kusa da garin Mitchell, suna tare laka suna ɗaga ƙasan rafin kaɗan-kaɗan. Maruƙa suna saukowa da ƙiba, wanda shi matar dattijon take dubawa. Zafin ruwa kuwa da ƙyar ya motsa, kuma ban ɓoye wa kowa ba, don inuwar da za ta sauke shi sai itatuwan sun yi shekaru. Wata kaka mafarauta suka bar ƙofa a buɗe, shanu suka yi kwanaki a kwarin kafin a gani. Matar dattijon ce ta ɗauki waya ta kira matar ƙungiyar muhalli ta faɗa mata kafin ta ji a wani wuri. Ta zo, ta auna, ta rubuta, ta ce a sa kwaɗo.

Abin da tebur ɗinmu bai iya taɓawa ba shi ne ƙasan rafin. Dokar ruwa ta Oregon, wadda aka tsara a 1909, ta ce wanda ya riga fara amfani da ruwa shi ke gaba, in ruwa ya yi ƙaranci a rufe wa na baya har sai na gaba ya ƙoshi. Wanda kuma ya bar haƙƙinsa shekara biyar a jere bai yi amfani da shi ba, to yana iya rasa shi, shi ya sa babu mai son barin ɗigo ya wuce. Takardar maƙwabcin can ƙasa ta girmi ta kowa, kuma a Agusta hanyar ruwansa kan ɗebe kusan duk abin da ya rage, mil na ƙarshe ya koma tsakuwa da 'yan kududdufai. Bai karya doka ba. Akwai mafita tun dokar 1987, wadda ta yarda mutum ya ba da hayar haƙƙinsa a bar ruwan a rafi, a biya shi, matsayinsa a layi bai taɓu ba, ba kuma a lissafa shekarun a matsayin ya yi watsi. Na rubuta masa wannan sau uku.

Kwanakin baya ina saman tudu ina share allon famfon, sai ga motarsa ta tsaya a bakin waya. Bai fito ba, ya dai sauke gilashi. Bai tambayi kifi ba, bai tambayi rafi ba. Ya ce famfon nan ƙafa nawa yake iya tura ruwa sama, kuma yana aiki in an yi hadari? Na amsa masa. Ya ce wa ya biya? Na lissafa masa. Ya dubi komin da ya cika yana tumbatsa, ya dubi shanun da ke kwance nesa da rafi. Na ce akwai taro ranar Talata ta biyu ga wata, ƙarfe shida.

"Ban ce zan zo ba," in ji shi, ya ɗaga gilashi ya ja mota.